Murna a Katin Gwaggonta

Na gode wa Allah da ya tashi kafaɗar 'yata Murna. Na zauna rubuta wannan ne saboda mata irina masu riƙon yara su kaɗai, musamman wadda aiki biyu suka zo mata lokaci guda tana ta juya su a rai. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kuma tunda ran wanka ba a ɓoyon cibi, gara in faɗa tun yanzu: ni mace ce mai kishi, kuma a jinyar nan na yi kishin da ban taɓa yin irinsa ba ko a kan namiji.

Sunana Saratu, a unguwar Rikoto nake zaune. Mijina Bitrus ya rasu a haɗarin mashin kan hanyar Ribah, lokacin Murna tana koyon tafiya. Da aka watse daga zaman makoki kowa ya koma gonarsa, sai na shiga neman aiki ido rufe, sai ga biyu sun faɗo a wata ɗaya. Na farko aikin akawu ne a ofishin wata makarantar gwamnati, wani tsohon malamin Bitrus ya nemo mini. Na biyu riƙon kuɗi ne a shagon wani Alhaji mai sayar da taki da maganin feshi a kasuwa. Albashin Alhaji ya kusa ninka na gwamnati. Tsohon malamin ya zaunar da ni yana ta bayyana mini abin da ke tattare da aikin gwamnati: hutu idan makaranta ta yi hutu, izinin jinya, fansho, da katin asibiti mai ɗaukar ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu. Ina sauraronsa ne kawai don girmansa. Mace mai neman kuɗin haya da na abincin yarinya, ina ruwanta da fansho? Maganar katin asibiti kuwa har dariya ta so ba ni, don Murna ko mura ba ta cika yi ba.

Na kama aikin Alhaji. Don kada gurbin gwamnatin ya tafi a banza, ni da bakina na ce a ba Asabe, ƙanwar mijina, wadda ta gama makaranta tana zaune a gida. Ni na raka ta ofishin. Ɗankwalina ma ta ɗaura ranar da aka kira ta.

Shekaru suka yi ta tafiya, ni ce a sama. Na sa Murna a makarantar kuɗi, na sayi firji, na canza labulen ɗaki. Asabe kuwa kafin wata ya mutu ta zo aron garin masara. Ta auri wani soja da kullum yana can wurin aiki, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba tukuna. Idan ta zauna tana kukan albashi ya yi latti, sai in ce a raina, Allah na gode maka da ka buɗe mini ido.

Ciwon ya faro ne a farkon damina, Murna tana aji biyu a firamare. Sai ta tashi da safe fuska a cike, fatar ido a kumbure kamar wadda ta kwana kuka, kafin la'asar kuma ta saɓe. Maƙwabciyata ta gan ta a bakin rijiya ta ce, "Ƙiba ce, Maman Murna, kina kiwon ɗiya da kyau." Har kaina ya yi girma. Ran Lahadi takalmin coci ya ƙi shiga ƙafarta, na yi ta faɗa wai ta cika girman banza. Na biya wurin mai kemis, ya ce ƙila wani abinci ne bai karɓe ta ba, ya ƙulla mini ƙwayoyi a leda. A wannan makon ban ma kalli 'yata da kyau ba. Damina ita ce kakar shagonmu. Manoma daga Ribah da Wasagu suna sauka a mashin tun rana ba ta fito ba, kowa na neman taki kafin ruwa ya wuce shi, ni kuma ina zaune da jaka a cinya har magariba.

A mako na biyu kumburin ya sauka ƙafa. Idan ka danna da yatsa sai ramin ya zauna ya ƙi komawa. Ciki ma ya taso. Daga nan masu ba da shawara suka yi mini caa. Innata ta aiko daga ƙauye cewa ciwon shawara ne, ga sassaƙe a jiƙa mata. Wata a coci ta ja ni gefe ta ce yarinyar ta taka abin da aka binne ne, in bincika wa nake gaba da shi a kasuwa. Wani mai acaba da ya ɗauke mu ya rantse cewa kanwa kaɗai ke sauke kumburi. Na jiƙa sassaƙen na ba ta sau biyu ta amayar, Allah ya taimake ni ban kai ga kanwar ba.

Asabe ce ta tsayar da maganar. Su ana tashinsu aiki da rana, sai ta biyo ta gidana ta tarar da Murna kwance ita kaɗai, ta leƙa fo ta ga fitsari ɗan kaɗan yana kumfa kamar an kaɗa sabulu. Da na dawo na same ta a ƙofar ɗaki, fuska babu wasa.

"Matar Yaya, wannan ba ƙiba ba ce. Gobe asibiti za mu."

"Gobe cin kasuwa ne, Alhaji ba zai bari ba."

"To ki ba ni ita in kai ta. Ni in na faɗa a ofis shi ke nan."

Ta faɗe shi ne hankali kwance, kamar mai cewa za ta je ɗibar ruwa. Wannan "shi ke nan" ɗin shi ne allurar farko da ta shiga zuciyata.

Na ƙi ba ta ita. Da safe na je na roƙi Alhaji. Ba mugun mutum ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ya dube ni, ya dubi layin manoma, ya ce, "Allah shi ba ta lahiya, Saratu. Amma kin ga yadda shagon ga yake. In kin tahi wa ka riƙa min kuɗɗi? Ki je, amma ki komo kahin azahar."

Wanda ya ce a koma kafin azahar bai san layin asibiti ba. Layin yankar kati daban, na awon nauyi daban, na ganin likita ya zagaya har bayan baranda. Mata da goyo, tsofaffi a kwance kan tabarma, kowa na jin nasa ciwon ya fi. Likita ya danna ƙafar Murna, ya tura mu gwajin fitsari da na jini, can ma wani layin ne. Azahar ta same mu muna jiran sakamako, wayata na ta ruri a jaka. Da muka koma, likitan ya yi mini bayani da kalmar da har gobe tana kunnena. Ya ce, "Ƙodarta ce take yoyo." Ya ce ƙoda kamar rariya take, ta yarinyar nan idanunta sun buɗe, abin da ya kamata ya zauna a jini yana bin fitsari yana fita, ruwa kuma yana taruwa a jiki. Ya ce ba gishiri, ba magi, ba kanwa. Sannan ya ƙara da cewa ciwo ne mai tafiya ya dawo, kada mu ga sauƙi mu saki jiki. Aka ba mu gado.

A nan aka raba jinya, kuma rabon bai yi mini daɗi ba. Asabe ta nemi izini a ofis aka ba ta, kafin izinin ya ƙare makarantu suka shiga dogon hutu. Ita ce a bakin gado tun safe har yamma, kuma albashinta na tafiya. Ni kuwa in leƙo da sassafe da kunu, in ruga kasuwa, in dawo da magariba a gajiye ina warin maganin feshi. Ranar da na makara, Alhaji ya yanke mini albashi. Likita yana zagayensa ne da hantsi, lokacin ina can ina ƙirga canjin manoma, saboda haka duk abin da aka ce game da 'yar da na haifa a bakin Asabe nake jinsa. "Likita ya ce nauyinta ya ragu." "Likita ya ce a rage mata ruwan sha." Sai in ce to, kamar wata baƙuwa da ta zo dubiya.

Wurin karɓar magani taga biyu ce, ta masu kati da ta masu biya daga aljihu. Ni kullum ina ta biyun. Allurar sa fitsari, ƙwayoyi, gwaji yau gwaji jibi, kuɗin gado: albashina bai ga ƙarshen makon farko na kwanciyarmu ba. Wata rana gyambon cikin Asabe ya tashi, ta ce in jira ta, ta tsaya a ɗaya tagar. Ina kallonta ta miƙa kati, aka cika mata leda da magani, ta biya abin da ko kuɗin acaba bai kai ba. Na tsaya ina kallon katin nan a hannunta, ɗan abu kamar katin waya. Nawa ne fa. Ni aka kawo wa shi har gida na ce ba na so. Da na sani ƙeya ce, amma ranar ji na yi ta zagayo gaba ta tsaya tana kallona.

A mako na uku na sayar da firji. Shi ma wanda ya saya sai da ya karanci fuskata ya ga ina cikin matsi, ya taya yadda ya ga dama. Matan zumunta na cocinmu sun zo sun yi addu'a, sun tara abin da suka iya, Allah ya saka musu. Alhaji ma ya ba ni rabin albashin wata mai zuwa, ya haɗa mini da kwanon shinkafa. Na gode masa da zuciya ɗaya, duk da cewa a ranar ce kuma ya tuna mini kwanakin da na makara.

Sai dai ba kuɗi ne ya fi cin raina ba. Abinci ne. Kun san tuwo da miya ba gishiri ba magi, ko babba sai ya daure. Nakan tashi in yi girki in kawo, Murna ta ɗanɗana ta ture kwano. Asabe kuwa tana da yini guda na gwaji. Ta gano yadda za ta soya albasa ta yi ja, ta sa tafarnuwa da tumatir da ɗan lemun tsami, har miyar ta yi baki. Ina zaune yarinya za ta share kwanon Asabe ta lashe yatsa, ta dube ni ta ce, "Mama, na Anti ya fi daɗi." Yaro bai san wuta ba sai ya taka. Ni kuma in yi dariya in ce ai Antinki gwana ce, in tattara kwanona in fita baranda in tsaya har idona ya bushe.

Ran da abin ya kai mini wuya, Alhaji ya tafi sarin kaya, na samu na tsere da rana. Na tarar za a sake wa Murna allurar hannu, jijiya ta ɓace saboda kumburi. Ina tsaye a kanta, hannuna a goshinta. Da nas ta soka allurar, yarinyar nan ta ƙwalla ƙara, ta miƙa ɗaya hannun ta wuce ni, ta damƙi zanen Asabe. Ba wanda ya lura. Nas na neman jijiya, Asabe na rarrashi, ni kuma ina tsaye da hannu a goshin da bai san ina wurin ba.

Daga ranar na zama abin tausayi, na kuma zama abin haushi. Komai Asabe ta yi sai na nemo laifinsa. Ta wanke kwano, in ce bai fita ba. Ta rufa wa yarinya zane, in ce zafi ake yi. Wata safiya na ga ta tsefe kitson da na yi wa Murna ta yi mata wani.

"Wa ya ce ki taɓa mata kai?"

"Yana mata ciwo in ta kwanta, Matar Yaya. Kin ja shi da yawa."

"Shekara bakwai ina mata kitso ba ta taɓa cewa yana ciwo ba."

"Ai ba ta taɓa kwanciya wata guda ba."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushi. Wata tsohuwa da ke jinyar jikanta a gadon kusa ta ce mini, "Ɗiyata, ki gode Allah. Wasu dangin miji ko ruwa ba su kawowa." Na ce haka ne, Kaka. A raina kuwa cewa na yi, da ma ruwan kaɗai ta kawo ta koma.

Kumburi ya sauka a hankali. Fitsari ya dawo, idanu suka buɗe, aka sallame mu lokacin da dawa ta fara fitar da kai. Aka haɗa mu da ƙwayar da za ta sha wata da watanni, mai sa yaro ci kamar gara, kumatu su yi tulu-tulu. Aka ce kowane wata mu dawo gwaji. Na ce alhamdu lillahi, yarinya ta dawo ɗakina, Asabe ta koma ofishinta, kowa ya kama gabansa. Har na koyi soya albasar nan a ɓoye, ban taɓa tambayarta yadda take yi ba.

Bayan girbi Murna ta yi 'yar mura, kwana kaɗan sai ga fatar ido ta sake cika. Muka koma gado. Wannan karon ba mu daɗe ba, amma kuma ba firjin sayarwa. Na cire ta daga makarantar kuɗi. Likita ya ce wasu yaran sau ɗaya suke yi su rabu da shi, wasu kuma sai sun girma, Murna da alama tana cikin na biyun. Ya ce idan ya ci gaba da dawowa zai tura mu Sakkwato. Ya ce, "Ki shirya wa doguwar tafiya."

Na koma neman abin da na yar. Tsohon malamin nan ya yi ritaya, ya ce yanzu ba a ɗaukar ma'aikata, ko an buɗe ma masu jira sun fi gashin kai. Bai ce "na gaya miki" ba, amma na ji ta a muryarsa. Wata makarantar mishan ta ce za ta ɗauke ni, akwai hutu, ana tashi da rana, sai dai albashin bai kai rabin na Alhaji ba kuma babu kati. Na yi ta auna su. In na bar Alhaji, na samu lokacin zama da 'yata ba kuɗin magani. In na zauna, na samu rabin kuɗin magani ba lokacin zama. Gaba kura, baya sayaki.

Ana cikin haka sai ga Baba, mahaifin Bitrus, ya sauka a mashin daga ƙauyensu na wajen Ribah, da kaza a hannu da ɗan buhun dawa. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, na durƙusa muka gaisa. Ya kira Murna ya daɗe yana duban ƙafafunta, sannan ya ce ta je waje ta yi wasa. Da yarenmu na C'lela ya yi maganar, don idan zance ya yi nauyi ba ya yinsa da Hausa. Ya fara da golmo, noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya shekara da shekaru kafin a ba shi ita. Ya ce Bitrus da abokansa sun yi damina bakwai suna duƙe a gonar mahaifina, ni ma na sani, don ni nake kai musu ruwa. Ya ce a al'adarmu wanda ya yi golmo 'ya'ya na gidansu ne tun ba a haife su ba.

"Ban taɓa tayar da maganar nan ba, ɗiyata, don kin riƙe ta da kyau. Yau ma ban zo ƙwace ba. Amma gwaggonta tana da kati, gurbi huɗu, babu kowa a ciki. Ɗiyar ɗan'uwanta ce, ɗiyarta ce. A ba ta riƙo, a rubuta ta a can."

Ba a mayar wa suruki magana. Na sunkuyar da kai na ce na ji, zan yi tunani. Yana hawa mashin na ɗaura mayafi na nufi gidan Asabe, na faɗa ciki ban ko yi sallama ba.

"Ke kika aika a kira Baba."

"Ni ce."

"Aikin na ba ki, bai ishe ki ba, yanzu ɗiyar kike so?"

Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. Asabe ba ta da faɗa, amma ranar sai da ta mayar mini.

"Kin sayar da firji. Gobe mi za ki sayar, katifa? In aka ce Sakkwato fa? Na ga yadda kike kallon katin nan a asibiti, kada ki ɗauka ban gani ba. To ni ma ina da ido. Kowane wata ana cire kuɗinsa a albashina, gurbi huɗu, ba ni da ko suna ɗaya da zan rubuta. Ke kina kishin kati. Ni shekara nawa ina shiga ɗakinki ina ganin ana ce miki Mama?"

Ya kamata tausayinta ya kama ni. Ya kama ni kuwa, sai dai kishin bai matsa ya ba shi wurin zama ba. Abin da na ji shi ne, ashe ba ƙarya zuciyata take mini ba, tana so ɗin. Na juya na fita. Na yi mako biyu ba na amsa gaisuwarta.

Ba wa'azi ne ya sauko da ni ba, ba kuma nasihar kowa ba. Wata safiya ce na tashi Murna don ta shirya, ta buɗe ido da ƙyar, fatar ta ɗan tasa. Ƙila barci ne kawai. Amma na tsaya ina dubanta na tambayi kaina, in ciwon ne fa, da me zan kai ta? Na duba ɗakin ban ga amsa ba. Kafin in tafi kasuwa na biya gidan Asabe, na tsaya a bakin ƙofa na ce, "A rubuta ta. Amma a ɗakina za ta dinga kwana." Ta ce ita ba ta taɓa cewa a raba ta da ɗakina ba.

Aka yi zirga-zirgar da ake yi, bayan 'yan watanni sunan Murna ya fito a katin a matsayin 'yar Asabe. Asabe ta ji tsoron kada a yi ta tambayoyi a asibiti idan aka ji yarinya na ce mata Anti. Ta kasa faɗa mini kai tsaye, sai kewaye-kewaye take. Na gane. Na ce ta bari ni zan yi. Na zaunar da 'yata a bakin gado na ce za mu yi wani wasa: idan mun shiga ƙofar asibiti, Anti Asabe ta zama Mama, ni kuma na zama Anti, sai mun fito. Abin ya ba ta dariya. Ta yi ta gwadawa tana nuna ni da yatsa tana ƙyalƙyatawa, ni ma ina taya ta. Kai gare ta, sau biyu na faɗa ta riƙe.

Yanzu ga abin da nake so mai karatu ta ɗauka. Idan yaronki ya tashi da kumburin fuska da safe, ko fitsarinsa na kumfa, kada ki saurari masu cewa ƙiba ce, kada ki jiƙa komai, ki kai shi asibiti. Idan kuma ke kaɗai ce a kan yaro aka kawo miki aiki, kada ki tambayi albashi kawai. Ki tambaya, ranar da ɗana ya kwanta, za a bar ni in zauna a kansa? Wa zai biya magani? Albashi na ranar lafiya ne. Ina gode wa likitan da ya yi mini bayani da Hausar da na gane, da nas-nas ɗin da suka yi haƙuri da mu, da matan zumunta, da Alhaji, da Baba. Asabe kuwa na rasa kalmar da zan gode mata da ita, kuma har yau idan na hango ta tafe gabana sai ya faɗi. Duka biyun gaskiya ne, ba zan ɓoye ko ɗaya ba.

A watan da ya wuce muka je gwaji. Rani ne, shago ba ciniki, Alhaji ya ba ni yini guda ba yanka. Muka zauna a benci mu uku. Da layi ya zo kanmu nas ta leƙo ta kira suna, muka miƙe ni da Asabe lokaci guda. Nas ta ce ɗakin ya cika, uwar yarinya kaɗai ta shigo. Na koma na zauna. Ina jin muryar Murna ta bayan labule tana cewa, "Mama, riƙe mini takalmi."

Suka fito suna murmushi. Fitsari ya yi kyau, ba ko ɗigon yoyo, likita ya rage ƙwaya, ya ce in aka ci gaba haka ba maganar Sakkwato. A taga Asabe ta miƙa kati, ta biya da canjin da ke bakin zanenta. Muka rabu da ita a mararraba, ni da 'yata muka hau acaba zuwa Rikoto, tana ta ba ni labarin wata yarinya da ta gani da filasta a ƙafa.

Muna isa na hura gawayi na ɗora tukunya. Tana cikin ɗaki tana canza kaya, gidan ba kowa sai mu biyu. Can ta ɗaga labule ta leƙo.

"Anti, yunwa nake ji."

Na tsaya da ludayi a hannu ina jira ta yi dariya, ko ta rufe baki ta gyara. Ba ta ma san ta faɗa ba. Tana tsaye tana sosa kai, idanunta a buɗe tar, ƙafafunta sirara, lafiyayyar yarinya mai jiran abinci.

Na ce, "Na ji. Ɗauko kwanonki."